TARIHIN LINUX DA YADDA TA CECI TSOHUWAR KWAMFUTAR ƘUNGIYARMU



Da yawanku kun san tsohuwar kwamfutar cinya da ke ofishinmu, wadda rajistar mambobi da lissafin gudummawar jinya da ta jana'iza suke ciki. 'Yar kwatano ce muka saya. A kwanakin baya ta riƙa daskarewa tana mutuwa ana tsakiyar aiki, musamman ranar Laraba da Kasuwar Oil Mill ke ci, lokacin da 'yan uwa suka fi zuwa biyan kuɗi. Wani mai gyara ya ce mu jefar. Wani yaronmu ɗalibi ya ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi. Ya kwashe takardunmu, ya cire Windows ya sa Linux, ta farfaɗo. Shi ya sa na bibiyi tarihin abin.

A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara shirin GNU da nufin samar da manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da neman izini ba. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya rubuta zuciyar da ta rage, aka kira ta Linux. Da farko sai ƙwararru ke iya sarrafa ta. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu don talaka ma ya iya. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan zuciyar Linux aka gina ta.

Abin ya taɓa zuwa gida. A 2007 an raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, kuma Linux ce a cikinsu. A wannan shekarar aka yi cinikin kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel don makarantun Najeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Da aka ji za a goge ta a sa Windows, shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa. Akwai kuma Wazobia Linux da 'yan Najeriya suka haɗa, mai Hausa da Yarbanci da Ibo.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Kowace Windows tana da ranar da kamfani ke daina kula da ita. Windows XP ta fito a 2001, aka yaye ta a Afrilun 2014. Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Idan ofisoshin Turai suka sauya kaya, abin da suka ajiye shi ke sauka Legas, ya bi Aba da Onitsha ya iso hannunmu. Mu ne ke gadon kwamfutar da aka yaye.

Nau'o'in Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce, ba sa cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai, kuma kyauta ake sauke su. Amma a sani, ba maganin kowace cuta ba ne. In batir ko ma'ajiyar bayanai ce ta lalace, sai an canja. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, amma masu aiki da CorelDraw su yi tunani tukuna, don ba ya hawa kai tsaye.

Shawarata: kafin ka sayar da taka a kilo, kwashe takardunka zuwa wani wuri, ka gwada Linux daga filas ba tare da ka goge komai ba. Da mun jefar da tamu, da lissafin marayu da zawarawa ya tafi tare da ita. Mai son gani ya leƙo ofis ranar Laraba bayan Azahar.

Allah ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya