Waziri Ibrahim, Mai Siyasa Ba Da Gaba Ba

Alhaji Waziri Ibrahim (1926–1992) attajiri ne kuma ɗan siyasa daga Borno. Ya riƙe muƙamin minista a Jamhuriya ta Farko, ya kuma nemi shugabancin Najeriya sau biyu. An haife shi a Yerwa, ya yi Midil a Maiduguri, ya wuce Kwalejin Kaduna. A 1948 ya kama aiki da kamfanin UAC, ya yi ta hawa har ya zama manaja, a zamanin da ba kasafai ɗan Arewa kan hau wannan kujera a kamfanin Turawa ba.

A zaɓen 1959 ya shiga Majalisar Wakilai da ke Legas a tutar jam'iyyar NPC. Ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga baya ta raya tattalin arziki, inda aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. Da soja suka kifar da gwamnati a Janairun 1966 sai ya koma kasuwa, Allah kuwa ya buɗa masa.

Da wannan dukiya ya dawo fage a 1978, ya jagoranci kafa jam'iyyar NPP. Tafiya ba ta yi nisa ba aka saɓa, domin yana son riƙe shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa gaba ɗaya, abokan tafiya suka ce ba su yarda ba. Ya bar musu jam'iyyar, suka tsayar da Azikiwe, shi kuma ya kafa GNPP da takenta na "siyasa ba da gaba ba". A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na biyar da kusan kashi goma cikin ɗari na ƙuri'u, amma jam'iyyarsa ta ci kujerar gwamnan Borno da Mohammed Goni, ta ci ta Gongola da Abubakar Barde.

Taken nan ya sha jarrabawa. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Borno, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu aka nufa, kotu kuma ta tabbatar masa da ƙasarsa. Abin takaici, rikicin cikin gida ne ya cinye GNPP kafin zaɓen 1983, wanda Waziri ya sake faɗuwa.

'Yarsa Khadija ta zama ƙaramar ministar harkokin waje a 2015. Har yau, in 'yan siyasa suka kaure da zage-zage a rediyo, taken Waziri dattawa ke tuna musu.