Takobin Japan da Takardunsa: Daga Gidan Hon'ami Zuwa Ofishin Kwastam

A ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da Toyotomi Hideyoshi ya haɗe Japan a ƙarƙashin ikonsa, takobi mai asali ya riga ya zama babbar kyauta tsakanin manya. Da shi shugaba yake saka wa jarumi, da shi ake kai gaisuwa fada. Sai dai da yawa daga cikin tsofaffin takubban ba su da sunan maƙerinsu. An ƙera su da tsawo domin mahaya dawaki, da salon yaƙi ya koma na ƙasa sai aka riƙa gajarta su ta wajen gindi, inda maƙeri yake sassaƙa sunansa, sunan ya tafi da guntun da aka yanke. To, wa zai tabbatar cewa wannan ƙarfe aikin Masamune ne, shahararren maƙerin lardin Sagami, ba na wani almajiri ba?

Gidan Hon'ami ne ya ɗauki wannan nauyi. Tun zamanin mulkin Ashikaga suke wasa takubban fada suna kula da su, don haka idonsu ya ga abin da wani bai gani ba. Daga zamanin Hon'ami Kotoku, wanda ya yi wa Hideyoshi aiki, gidan ya shahara da ba da takardar shaida da ake kira origami, mai ɗauke da sunan maƙerin da suka danganta takobin gare shi, da tsawonsa, da ƙimarsa a kuɗi. Wani lokaci har da zinariya suke cusa sunan a jikin gindin takobin. A 1719 Shogun Tokugawa Yoshimune, mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya sa suka tattara masa kundin fitattun takubban ƙasar, Kyoho Meibutsucho, wanda har yau masana ke komawa gare shi.

Hanyar tantancewarsu ba ta canza sosai ba, kuma ni a ganina nan ne daɗin zancen yake. Mai tantancewa yakan fara da siffa: tsawo, faɗi, da wurin da lanƙwasa ta fi ƙarfi, domin kowane zamani da irin tasa. Daga nan sai ya karkata takobin ga haske ya dubi fatar ƙarfen, wadda ninkawa da dukan maƙeri suka bar mata zane kamar jijiyar katako. Sai kuma hamon, farin layin nan da ke bin bakin kaifi. Yana samuwa ne idan maƙeri ya shafe ƙarfen da taɓo, mai kauri a gadon baya, siriri a baki, ya gasa shi, ya tsoma a ruwa. Kowace makarantar ƙira tana da salonta a wannan layi, na Bizen daban, na Yamashiro daban. A ƙarshe ake zare mariƙi a dubi gindin: alamar magagari, ramukan ƙusa, da launin tsatsa. Wannan tsatsa shaida ce ta shekaru, shi ya sa ba a goge ta. Takubba masu daraja da yawa sun yi asarar ƙimarsu a hannun magada masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka sa takardar yashi suka kankare gindin don ya yi ƙyalli.

A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi. Samurai, wato mayaƙan gado masu rataye takobi, da yawa sun talauce, kayan gado suka fito kasuwa, Turawa suka yi ta saye, musamman adon mariƙi da faifan da ke kare hannu.

Babbar girgiza ta zo ne a 1945. Da Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar mamaya ta ba da umarnin a miƙa duk wani makami, ba ta kuma bambanta takobin da inji ya buga wa sojoji jiya da wanda ya shekara 700 a gida guda ba. Wasu an narkar da su, wasu an zuba su a teku, masu ɗimbin yawa kuma sojojin Amurka suka tafi da su gida a matsayin tsaraba. A Disamban shekarar, Tokugawa Iemasa, magajin gidan shogun, ya kai takubban gidansu ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo, cikinsu har da Honjo Masamune, wanda shogun ke gadar wa shogun. Daga nan aka miƙa shi ga ɓangaren rundunar mamaya, har yau ba a sake ganinsa ba. Rashi ne mai ciwo, domin mai shi biyayya ya yi wa doka.

Abin da ya ceci sauran shi ne ilimin tantancewar nan. Masana irin su Honma Junji da Sato Kan'ichi sun dage wajen gamsar da jami'an Amurka cewa akwai takobin da aikin fasaha ne, kuma ana iya rarrabe shi da hujja. Kanar Victor Cadwell na rundunar Amurka ta takwas ya saurare su. Aka yarda a bar wa mutane takubban da aka tantance, aka kuma tsamo fiye da 5,000 daga tarin da aka jibge a ma'ajiyar soja ta Akabane. A 1948 aka kafa ƙungiyar kare takubban fasaha ta Japan, NBTHK a taƙaice. A 1951 aka fara rajista, kowane takobi da katinsa daga hukumar ilimi ta lardi, katin kuma yana bin takobin duk inda ya tafi. A 1953 aka sake ba maƙera izinin ƙira.

Takardun NBTHK ne suka gaji matsayin origami a kasuwar duniya. Ta fito da darajar Juyo a 1958, da Tokubetsu Juyo a 1971. Amma takarda ma tana lalacewa. Yadda masana suka fi amincewa da origamin mutanen farko na gidan Hon'ami fiye da na jikokinsu, haka tsofaffin takardun ƙungiyar na ƙananan darajoji suka zubar da mutunci bayan an gano na bogi da waɗanda aka bayar da sakaci, har aka soke tsarin a 1982 aka kawo Hozon da Tokubetsu Hozon. Mai saye da ya san abin da yake yi yana tambayar wace takarda ce, ta wace shekara, sannan ya dubi ƙarfen da idonsa.

Takubban da sojoji suka kwasa sun ƙara yawan masu tarawa a Amurka. Dakta Walter Compton na jihar Indiana ya gano cewa wani takobi da ya shigo hannunsa aikin Kunimune ne da ya ɓace daga wurin bautar Terukuni a Kagoshima, ya kuwa mayar da shi kyauta a 1963. Bayan rasuwarsa, kamfanin Christie's ya yi gwanjon tarinsa a New York a 1992, inda takobi guda ya kai dala 418,000.

Fitar da takobi daga Japan a yau sai da izinin Hukumar Al'adu ta ƙasar, wadda ke tabbatar da cewa ba ya cikin dukiyar tarihi da doka ta hana fitarwa. Dillali yakan tura hotuna da bayanan rajista, a jira makonni, idan kaya sun fita a mayar wa hukuma katin rajistar. Ana shafa wa ƙarfen mai kaɗan, a sa shi a farin kube na katako marar fenti, a ɗaure mariƙi da kube don kada ya zame a hanya. Kamfanonin jigila da dama ba sa karɓar takobi, kuma idan akwai hauren giwa a adonsa, dokokin kare namun daji za su tare shi. Ƙasar da za a kai ma da nata sharaɗin: Ingila ta hana dogayen takubba masu lanƙwasa a 2008, amma ta keɓe tsofaffi da waɗanda aka ƙera ta hanyar gargajiya. Wanda kuma ya aika takobi Japan domin a wasa ko a tantance, sai kwamitin rajista ya duba shi kafin ya shiga ƙasar. Idan aka samu bugun inji ne na zamanin yaƙi, ba za a yi masa kati ba, sai dai a mayar da shi inda ya fito ko a lalata shi.