Yadda Ake Tatso Guba Daga Samfurin Gyaɗa Kafin Gwaji

Afalatoksin guba ce da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Tana lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Kafin a auna ta, ma'aikatan ɗakin gwaji sukan niƙe samfurin, su jiƙa garin cikin sinadarin metanol da aka sirka da ruwa, su girgiza, sannan su tace. Gubar takan narke cikin wannan tataccen ruwa, shi kuma ake aunawa.

Da yake gubar kan taru a ƙwayoyi ƙalilan, muna kira ga malaman gona da su riƙa ɗibar samfuri daga buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa, su kai shi a bushe.