Wesley Williams, jikan bayi da ya zama babban jami'in kashe gobara a New York

Wesley Williams (1897 zuwa 1984) shi ne baƙar fata na farko da ya samu muƙamin jami'i a Hukumar Kashe Gobara ta birnin New York a Amurka. An haife shi a Manhattan ranar 26 ga watan Agusta, 1897.

Kakanninsa na wajen uba an haife su ne cikin bauta a jihar Virginia, daga baya suka zauna a New York. Mahaifinsa, James H. Williams, shi ne shugaban 'yan dakon tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, waɗanda aka sani da jajayen hulunansu, kuma ya riƙe wannan muƙami har rasuwarsa a 1948. Dako ba sana'ar raini ba ce ga baƙaƙen fata a wancan zamani. Ɗalibai da dama da ita suka biya kuɗin jami'a, haka kuma Samuel Battle, baƙar fata na farko da rundunar 'yan sandan birnin ta ɗauka a 1911, a wannan tasha ya yi dako. Tashar ce kuma ta haɗa James da manyan ƙasa, har tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya rubuta wa ɗansa takardar shaida lokacin da yake neman aiki.

Wesley ya ci maki ɗari bisa ɗari a gwajin ƙarfin jiki, aka ɗauke shi ranar 10 ga Janairu, 1919, aka tura shi rukuni na 55 da ke titin Broome, unguwar 'yan asalin Italiya. Takardar Roosevelt ba ta yi masa wani amfani ba a cikin wannan gida. A ranar da ya kama aiki kyaftin ɗin rukunin ya yi ritaya, sauran kuma suka nemi a sauya musu wurin aiki, hukuma ta ƙi. Sun ajiye gadonsa kusa da bayan gida, duk kofi ko farantin da ya taɓa sai su jefar. Suka nemi ya koma kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ce a'a. Ga mai kashe gobara, ƙiyayyar abokan aiki barazana ce ga rai, domin cikin hayaƙi ba shi da madogara sai na kusa da shi.

Abin da ya ba shi gindin zama shi ne tuƙi. Ya taɓa tuƙa motar gidan waya, a daidai lokacin da hukumar ke barin dawaki tana komawa ga motoci, kuma kaɗan ne suka iya sitiyari. Ya zama direban rukunin. Lokacin hutunsa kuwa yakan keɓe a hasumiyar da ake shanya mesa, yana motsa jiki yana karatu.

Ya zama laftanar a 1927, kyaftin a 1934, sannan kwamandan bataliya a 1938. A 1940 ya jagoranci kafa ƙungiyar Vulcan Society ta baƙaƙen fata masu kashe gobara, wadda ta kai ƙarar ware musu gadaje gaban majalisar birnin a 1944, daga bisani aka haramta wannan ɗabi'a. Ƙungiyar tana nan har yau.

Ya yi ritaya a 1952 bayan shekara 33 yana aiki, ya rasu ranar 3 ga Yuli, 1984, yana da shekara 86.