Ƙasar da Littafi Ya Cika da Mutane

A jihar Misuri ta Amurka akwai wata hanya mai lamba 94 da ke bin gaɓar arewa ta Kogin Misuri, daga wajajen St. Charles har zuwa kusa da Jefferson City. Idan muka bi ta, a gefe guda duwatsu ne masu tsayi lulluɓe da bishiyoyi, a ɗaya gefen kuma fadama ce shimfiɗe, cike da masara da waken soya. Sunayen wasu garuruwan da muke wucewa, irin su Dutzow da Rhineland, da Hermann a ƙetaren kogi, na Jamusawa ne. Asalin wannan kuwa littafi ɗaya ne.

A 1824 wani lauya Bajamushe, Gottfried Duden, ya zo ya yi gona kusa da inda Dutzow take a yau. Ya koma gida a 1827, kuma a 1829 ya wallafa labarin tafiyarsa, inda ya yaba wa ƙasar: ga fili mai arha, ga 'yanci, ga hunturu mai sauƙi. A lokacin manoman Jamus na fama da ƙarancin gona da nauyin haraji, don haka littafin ya ratsa zukata. Dubbai suka sayar da abin hannunsu suka hau jirgin ruwa.

Amma gani ya kori ji. Duden mai hali ne, 'yan ƙwadago ke yi masa aikin wahala, kuma shekarun da ya zauna sun zo da sanyi mai dama-dama. Waɗanda suka biyo bayansa sun tarar da daji mai wuyar sara, da zazzaɓin bakin kogi, da hunturu mai tsanani. Friedrich Muench da Paul Follenius sun jagoranci wata ƙungiya daga Giessen a 1834 da burin kafa sabuwar jiha ta Jamusawa, ƙungiyar ta watse, amma Muench ya zauna ya riƙe garma. A 1837 wata ƙungiyar Jamusawan Filadelfiya ta kafa Hermann. Da mutanen suka iso sai suka ga yawancin filin gangare ne da bai dace da hatsi ba, suka dasa inabi. Kafin ƙarshen ƙarnin Misuri ta shiga sahun gaba wajen yin giyar inabi a Amurka, kuma da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Faransa, saiwoyin inabin Misuri na cikin abin da aka ɗaura wa itatuwansu suka rayu.

Abin da bai kamata mu manta ba shi ne cewa a wancan lokacin Misuri jiha ce ta masu bayi. Yawancin waɗannan baƙi sun ƙi bauta, jaridun Hermann na harshen Jamusanci sun yi ta sukarta, Muench kuma ya zama ɗan majalisar dattawan jihar yana adawa da ita. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Jamusawan St. Louis da suka shiga soja sun taimaka ƙwarai wajen hana jihar ɓallewa.

Sai dai zamani riga ne. Yaƙin Duniya na Farko ya sa yin Jamusanci a fili ya zama abin tuhuma, harshen ya ja baya a makarantu da majami'u. Dokar hana giya ta 1920 ta rufe masana'antun inabi, ba su farfaɗo ba sai a shekarun 1960.

Kogin ma bai taɓa sakin fadamarsa ba. Dausayin da ke ba da amfani mai yawa ambaliya ce ta shimfiɗa shi, kuma takan dawo. Ta 1986 ta lalata layin dogon MKT, wanda daga baya aka mai da shi hanyar keke da ake kira Katy. Ta 1993 ta fasa ganuwar kare ruwa, ta binne gonaki da yashi, har mutanen Rhineland suka ɗaga yawancin gidajensu suka mai da su kan tudu.

Shi ya sa idan muka lura za mu ga tsofaffin majami'u da maƙabartu da gidajen jan bulo galibi a kan tudu suke, gonaki kuma a ƙasa. Jikokin waɗanda littafin Duden ya kawo suna noma fadamar har yau, duk bazara kuma idonsu na kan ma'aunin ruwa a Hermann.