Yadda Ingila Ta Mayar da Sunan Garin Suez Sunan Faɗuwarta

Jama'a, idan kun ji ɗan siyasar Ingila ko marubucin jaridarsu ya ce "tun bayan Suez", ba zancen gari yake yi ba, ba ma zancen mashigin ruwan ba. Shekarar 1956 yake nufi, shekarar da ƙasarsa ta gane cewa ta daina ba duniya umarni. Ga yadda aka yi sunan wani gari na Masar ya ɗauki wannan nauyi a bakin baƙi.

Suez, wanda masu shi ke kira Suwais, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a ƙarshen Bahar Maliya ta arewa. Ta nan alhazan Masar da yawa suke shiga jirgi zuwa Jidda. A 1854 Sa'id Fasha, mai mulkin Masar a lokacin, ya ba wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, izinin haƙa hanyar ruwa daga Bahar Rum zuwa wannan gari. An sa diga a 1859, aka buɗe ranar 17 ga Nuwamba 1869. Manoman Masar ne suka yi haƙar farko, aikin tilas, ana kwaso su daga ƙauyuka dubu-dubu, suna ɗibar ƙasa da kwanduna cikin rana da ƙarancin ruwan sha. Sunayensu ba su shiga ko'ina ba.

Da fari Ingila ta ƙi aikin, har ta yi ta kushe shi. Da ta ga jiragenta ne suka fi kowa bi ta ciki zuwa Indiya, sai ta sake shawara. A 1875 bashi ya ci Isma'il, mai mulkin Masar, ya sa hannun jarinsa na kamfanin mashigin a kasuwa. Firaminista Disraeli ya ranto fam miliyan 4 daga gidan Rothschild ya saye, kashi 44 cikin ɗari na kamfanin. Shekara 7 bayan haka sojojin Ingila suka mamaye Masar ɗungurungum.

Daga nan sunan ya fara barin garin. A bakin Ingilishi "gabas da Suez" ya zama sunan duk abin da suka mallaka a can: Aden, Indiya, Malaya, Singafo, Hong Kong. Gari mai masunta da 'yan dako ya koma alamar iyaka a taswirar wasu.

Sai 1956. A watan Yuni sojan Ingila na ƙarshe ya bar yankin mashigin. A watan Yuli Amurka ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan. Ranar 26 ga Yuli, shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya tsaya gaban taro a Iskandariya yana jawabi, yana ta ambaton sunan de Lesseps, ya faɗa ya sake faɗa. Masu sauraro sun ɗauka tarihi yake ba su. Ashe sunan nan shi ne ishara ga injiniya Mahmud Yunus da mutanensa, waɗanda suka kasa kunne ga rediyo kusa da ofisoshin kamfanin. Suna jin sunan suka shiga suka karɓe. Kafin Nasir ya gama magana, mashigin ya koma hannun Masar.

Firaminista Anthony Eden bai iya haɗiye wannan ba. A watan Oktoba wakilan Ingila, Faransa da Isra'ila suka gana a asirce a Sèvres, kusa da Paris, suka ƙulla: Isra'ila za ta afka wa Sinai, sannan sauran biyun su shigo da sunan raba faɗa. Ranar 29 ga Oktoba Isra'ila ta kai hari. Ranar 5 ga Nuwamba sojojin laima na Ingila da Faransa suka sauka a Port Said. To, an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shugaba Eisenhower na Amurka, wanda aka ɓoye wa shirin, ya fusata. Darajar fam ta kama zubewa, Amurka ta tare wa Ingila hanyar rance daga Asusun Lamuni na Duniya, Tarayyar Sobiyat kuma tana barazana. Ranar 6 ga Nuwamba Eden ya amince a tsagaita wuta. Masarawa sun riga sun nutsar da jirage sun toshe mashigin, har aka koma rabon man fetur da takarda a Ingila. Kafin ƙarshen Disamba sojojin Ingila da Faransa sun fice, a Janairun 1957 Eden ya sauka.

Tun daga ranar kalmar ta tsaya da ƙafarta. Ba sai an ce yaƙi ko rikici ba, "Suez" kaɗai ya isa. Har gobe, in babbar ƙasa ta kai hannu inda ƙarfinta bai kai ba, manazarta sukan tambaya ko "lokacin Suez" ɗinta ne ya zo. A Janairun 1968 kuma, da gwamnatin Harold Wilson ta sanar da janye sojojinta daga Singafo, Malesiya da yankin Gulf, da wannan suna aka yi shelar: janyewa daga gabas da Suez.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sojojin Ingila ko garin Suez ba su kai ba a 1956. Port Said suka ragargaza, can ɗaya bakin mashigin, inda unguwannin talakawa masu gidajen katako suka ƙone, ɗaruruwan fararen hula suka mutu. Kalmar Ingilishin tana ɗauke da baƙin cikin wanda ya kai hari ya sha kunya, babu ko ɗigon jinin wanda aka kai wa harin a cikinta. Shi ya sa Masarawa ba su yarda da sunan "rikici" ba. Su "ta'addancin ƙasashe uku" suke cewa, kuma a ganina nasu ne ya fi kama gaskiya, domin ya faɗi wanda ya yi da abin da ya yi.

Shi kuwa garin Suez, tasa jarrabawar tana gaba. Bayan yaƙin 1967 da Isra'ila ya zama bakin daga, ana yi masa ruwan wuta daga ƙetaren ruwa, aka kwashe akasarin mazaunansa. Ranar 24 ga Oktoba 1973 tankokin Isra'ila suka kutsa cikin garin, ragowar sojoji da mutanen gari suka tare su a tituna suka hana su kama shi. Wannan ranar ce Suez ke bikin tunawa da ita kowace shekara. Mashigin kansa ya yi shekara 8 a rufe, sai ranar 5 ga Yuni 1975 Shugaba Anwar Sadat ya sake buɗe shi.