Tsibirin Surtsey da Tarihin Haihuwar Ƙasa



Galibi idan aka ce tarihi, hankalinmu yakan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. To amma ita ƙasar da sarakunan suka yi yaƙi dominta tana da nata tarihin, kuma akwai wuri guda da ɗan Adam ya shaida wannan tarihi tun daga ranar farko.

Ran 14 ga Nuwamba 1963 wasu masunta suka hangi hayaƙi yana tashi daga cikin teku a kudu da ƙasar Aislan. Ashe dutse ne ke aman wuta a ƙarƙashin ruwa. Aman bai tsaya ba sai cikin Yuni 1967, lokacin da ya bar tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 2.7, aka sa masa suna Surtsey. Tun 1965 hukuma ta hana kowa shiga sai masu bincike, domin a ga yadda rai zai kafu ba da hannun mutum ba.

A farko babu kome sai toka da ƙonannen dutse. Iska da igiyar ruwa suka kawo ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, watau bakteriya da funfuna. A 1965 aka ga tsiro na farko a bakin gaɓa. Amma shekara ashirin tsire-tsire suna nan jefi-jefi, yawancinsu su fito su mutu.

Dalili kuwa shi ne rashin sinadarin naitirojin. Ganye idan ya faɗi, ba ya zama taki sai ƙwayoyin nan sun ruɓar da shi. Su kuma ba sa iya aikin sai sun sami naitirojin da za su gina jikinsu. A sabuwar ƙasa ganyen kansa ba shi da shi sosai, ga sanyi yana rage musu kuzari, ɗan abin da suka samu kuma sai su riƙe, tsiro ya rasa. Ganye yana jiran ruɓewa, ruɓewa tana jiran taki, taki kuwa yana jiran ganye.

Tsuntsayen teku ne suka warware wannan ƙulli. Wajen 1986 suka kafa mazauni a kudancin tsibirin, suna cin kifi a teku, suna zubar da kashi a tudu. Aikin da shanun Fulani suke yi wa gonar manomi bayan girbi, shi suka yi wa Surtsey. Ƙwayoyin suka sami abinci, ruɓewa ta yi sauri, ciyawa ta rufe wurin. A 1993 aka sami tana a cikin ƙasar, alamar cewa toka ta fara zama ƙasa ta gaske. A 2008 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya.

Saboda haka, jama'a, wanda ya ƙone karmami da ganyen gonarsa ƙurmus kowace shekara, yana hana waɗannan ƙananan ma'aikata abincinsu, yana mayar da gonar kusa da halin da Surtsey ta fara. Ku da za ku riƙe ofisoshin gona da na daji, ku tuna cewa ɗan yankin ƙasa mai rai ya ci wa wannan tsibiri shekara talatin.